Kundin Aikin Haɗa Kwamfuta da PlayStation da Xbox a Gasa Ɗaya

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne saboda na lura cewa duk matsalar da muka warware a shagon nan, bayan mako biyu na manta yadda aka yi, idan ta dawo kuma sai mu koma lalube daga farko. Abin da muke da shi a gidan gem ɗinmu na Kano a yau shi ne PlayStation 4 guda huɗu, PlayStation 5 guda biyu, sai kwamfutocin tebur uku na hannu da na saya a watan jiya. Abokina da yake irin wannan sana'a a Kaduna yana da Xbox Series S biyu da PlayStation 4 uku. Abin da muka ƙudurta shi ne kafin shekara ta ƙare mu shirya gasar ƙwallo tsakanin shagunan biyu ta intanet, kowane yaro yana zaune a gaban na'urar da ya saba da ita.

Lissafin da ya sa na sayi kwamfuta maimakon ƙarin PlayStation mai sauƙi ne. Mai PlayStation sai ya biya kuɗin PlayStation Plus kafin ya buga yawancin wasannin saye ta intanet, mai kwamfuta kuwa ba ya biyan kowa, sannan da safe lokacin da yara suke makaranta ana iya buga takardu da kwamfutar a samu na cefane. Abin da ya ƙara mini ƙwarin gwiwa shi ne katangar da ke tsakanin na'urori ta daɗe da fara rushewa. A watan Satumba na 2018 Sony ta amince masu PlayStation 4 su haɗu da masu Xbox da Nintendo Switch a wasan Fortnite bayan ta daɗe tana ƙi, Rocket League ya biyo baya a Janairun 2019, wasan ƙwallon kamfanin EA kuma ya buɗe ƙofar sosai daga FIFA 23. Saboda haka nake ganin aikin namu ba zai wuce mako biyu ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Lissafin ya fara karkacewa tun ba a je ko'ina ba. EA Sports FC 25, sabon wasan ƙwallon EA da ya fito ranar 27 ga Satumba, yana haɗa na'urori daban-daban da gaske, amma ya raba su gida biyu. PlayStation 5 da Xbox Series da kwamfuta suna gida ɗaya, PlayStation 4 da Xbox One suna wani gidan, Switch kuwa ita kaɗai take zaune. Dalilin shi ne wasan da ke kan tsofaffin na'urori ba shi ne na kan sababbi ba duk da sunan ɗaya ne, domin motsin 'yan wasa da na ƙwallo sun bambanta, kuma ba yadda za a yi mutum biyu su buga wasa ɗaya alhali kowace na'ura tana lissafa motsin ƙwallon da nata tsarin.

Laifina ne, don bayanin yana nan a rubuce, ban karanta ba kafin in saya. Ma'anarsa ita ce na'urori bakwai daga cikin waɗanda ke shagunan biyu, wato duk PlayStation 4 ɗinmu, ba za su taɓa haɗuwa da kwamfutocin ba a wannan wasa. Akwai ƙaramar dabara guda: PlayStation 5 mai cin faifai tana iya ɗaukar faifan PlayStation 4, ta sauko gidan tsofaffi. Kwamfuta ba ta da wannan tsani, tana sama, kuma a can za ta tsaya.

Litinin, 14 ga Oktoba

Yau na sha wahalar da mai PlayStation bai san da ita ba. Ta fuskar ƙarfi kwamfutocin sun isa, domin kowace tana da katin hoto GTX 1660, kuma na tanadar wa wasan gigabait 100 da ake buƙata. Biyu sun tashi lafiya. Ta ukun kuwa da zarar an danna wasan sai ta fito da ɗan saƙo cewa ba a kunna Secure Boot ba, ta koma inda take. Wannan wani kulle ne da ke cikin allon uwar kwamfuta, wanda ke hana wata baƙuwar manhaja shiga gaban Windows lokacin tashi, kuma manhajar hana maguɗi da ke tare da wasan tana neman a kunna shi a kan Windows 11. Tun daga FIFA 23 ake amfani da irin wannan manhaja mai shiga can ƙuryar tsarin kwamfuta, saboda a can ne masu maguɗi suke ɓoye kayansu.

Na shiga BIOS, wato shafin saitin allon uwar kwamfuta, da gadara, na kashe tsohon tsarin tashi, na kunna kullen, na adana. Kwamfutar ta mutu ta taso, fanka yana juyawa, fitila tana ci, allo kuwa baƙi ƙirin. Na jira minti biyar ina kallon fuskata a cikinsa. Ƙanena da ke taya ni tsaron shago ya leƙo ya ce, "Yaya, ko dai ka ƙona ta ne?" Na ce masa ya kawo sukundireba ya haska mini da fitilar waya. Muka kwance murfin, muka tarar da ƙura ta yi kauri a kan fanka kamar auduga, na zare ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe da saitin allon uwa, muka ƙirga sakan talatin, na mayar. Ta tashi.

Sai daga baya na gano tushen abin. Wanda ya sayar mini da ita ya ɗora Windows ɗin a kan faifan da aka tsara da tsohon salo na MBR, kullen kuwa ba ya aiki sai da sabon salo na GPT. Akwai umarnin mbr2gpt a cikin Windows da ke juya faifan ba tare da an goge komai ba. Na gudanar da shi, na sake kunna kullen, wasan ya buɗe da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Yini guda cur ya tafi a kan kwamfuta ɗaya, alhali PlayStation 5 ɗin da ke gefenta ban taɓa yi mata komai ba tun da na saye ta in ban da goge ƙura.

Asabar, 19 ga Oktoba

Batun hannuwan wasa. Hannun PlayStation 5 ba ya aiki a PlayStation 4, hannun PlayStation 4 kuma ba ya buga wasannin PlayStation 5, sai dai tsofaffin wasanni idan an ɗora su a sabuwar. Wannan na sani tun da. Abin da ban zata ba shi ne abin da ya faru a kwamfuta ta biyu: ka danna ƙasa sau ɗaya, zaɓi ya tsallake layi biyu, kuma a shafin zaɓen ɓangare hannuwa biyu suke bayyana alhali ɗaya aka jona. Ashe ƙanena ya ɗora wata manhaja da ke mayar da hannun PlayStation ya zama kamar na Xbox a idon Windows, ga kuma Steam, manhajar da ake sayen wasanni da buɗe su a kwamfuta, yana yin irin wannan fassara da kansa, sai wasan yake jin umarni daga baki biyu. Na cire manhajar, abin ya daidaita. Na kuma yanke cewa duk hannuwan kwamfuta da waya za a riƙa jona su, ba da Bluetooth ba.

Saura ƙorafin alamomi. Yaran nan sun girma da da'ira da murabba'i da alwatika, kwamfutar kuwa a wasu wasannin A da B da X da Y take nuna musu. Abin da ya fi rikita su shi ne X na Xbox yana hagu, inda murabba'i yake a PlayStation, gicciyen PlayStation kuma yana ƙasa. A lokacin wasa yatsa ya san hanyarsa, amma a shafin canza 'yan wasa sai ka ga yaro ya fita daga shafin yana zaton ya tabbatar da canji.

Talata, 29 ga Oktoba

Babu wani ci gaba. Fiye da mako guda ke nan babu wutar lantarki a yawancin jihohin arewa sakamakon lalacewar manyan layukan da ke kawo ta, litar fetur kuma ta haura naira dubu. Inji muke tayarwa daga la'asar zuwa goman dare kawai. Na lura idan aka kunna kwamfutocin uku tare muryar injin tana canzawa fiye da yadda take yi da PlayStation 4 huɗun, don haka na kashe su gaba ɗaya har wuta ta dawo. Wannan ma wani kuɗi ne da ban saka a lissafin farko ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Wuta ta dawo, na koma kan asusu, wanda shi ne ya fi kowane ɓangare cin rai domin ba ya buƙatar basira, haƙuri kawai yake ci. Haɗakar na'urori ba ta tafiya da sunan da mutum yake da shi a PlayStation ko Xbox ko Steam, tunda waɗannan gidaje ba sa ganin jerin abokan juna. Kowane kamfanin wasa yana da nasa asusun da yake ɗorawa a sama: na EA domin ƙwallo, na Epic domin Rocket League da Fortnite, Capcom ID domin Street Fighter 6, na Activision domin Call of Duty. Kowace na'ura tana buƙatar nata, kowane asusu da adireshin imel ɗinsa. Na sayi littafi mai bango mai kauri na rubuta su duka, na kulle a durowa. Kafin in yi haka mun riga mun yi kuskuren ɗaura asusun EA guda a kan kwamfuta da PlayStation 5, sai ya zamana ɗaya na shiga intanet ɗayar ta faɗo.

A nan ne kuma ribar da nake taƙama da ita ta ƙara raguwa. A PlayStation, idan aka sanya wata na'ura a matsayin ta gidan mai asusu, duk wanda ya shiga cikinta yana cin moriyar wasannin da aka saya da kuma damar shiga intanet, mai asusun kuma yana iya bugawa a wata na'urar a lokaci guda. A kwamfuta kuwa kowace kujera sai da nata kwafin wasan idan ana son su buga tare. Kwamfuta uku, saye uku.

Akwai kuma batun ƙasa. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa idan za a buɗe asusun PlayStation, shi ya sa kusan kowa a nan asusunsa na Amurka ne ko Ingila ko Afirka ta Kudu, kuma katin kuɗin da za a loda dole ya kasance na ƙasar da aka zaɓa. Mun saba da wannan har mun daina ganinsa matsala, sai a watan Mayun bana da aka ce dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su ɗaura asusun PlayStation, aka kuma cire wasan daga kasuwar Steam a ƙasashe da yankuna fiye da 170. Cikin 'yan kwanaki Sony ta janye sharaɗin bayan 'yan wasa sun yi ca. Ba ma buga wannan wasa a shagonmu, amma tun daga lokacin nake duba sharaɗin asusu kafin in duba farashi.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Gwajin farko da Kaduna, kuma ya watse. Na zaɓi mu fara da Street Fighter 6 saboda shi bai raba tsofaffi da sababbi ba, PlayStation 4 da 5 da Xbox Series da kwamfuta duk ɗaki ɗaya suke shiga. Muna ganin juna a ɗakin, amma haɗuwar tana yankewa, idan ta kama kuma sai hoton ya riƙa tsalle. Da na gwada intanet a PlayStation sai ta nuna NAT nau'i na 3, wato matakin da ya fi tsanani wajen barin saƙo ya shigo daga waje. Na kira abokina, ya duba Xbox ɗinsa, nasa ma a kan mafi tsanani yake.

Zan rubuta yadda na fahimci abin domin amfanin gaba. Duk na'urorin shago suna fita duniya ne da adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai ɗaki goma da lambar gida guda, rauta kuma, wato na'urar da ke raba intanet ɗin, ita ce maigadi. Idan ɗan haya ya aika saƙo waje, maigadi yana tuna wanda ya aika, amsa na zuwa ya miƙa masa. Amma idan baƙo ya ƙwanƙwasa ba tare da an aika masa ba, maigadi bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya sallame shi. Wasannin da ke bi ta sabar kamfani, wato babbar kwamfutarsa da ke haɗa 'yan wasa, irin Rocket League, ba su cika damuwa da wannan ba, domin kowa shi ne yake fita ya je wurin sabar. Wasannin faɗa kuwa galibi suna son na'urorin biyu su yi magana kai tsaye, to idan gidajen biyu duk masu gadinsu masu tsanani ne, babu mai buɗe wa wani. Sony tana kiran matakan 1 da 2 da 3, Microsoft tana kiransu buɗaɗɗe da matsakaici da tsattsaura, kwamfuta kuwa sau da yawa ba ta gaya maka komai sai wasan da kansa ya ga dama.

Rabin matsalar tamu ce. Muna da rautar da ke ɗauke da layin waya, sannan na jona wata a bayanta domin ta raba wa na'urori, kowace kuma tana nata gadin, wato masu gadi biyu a ƙofa ɗaya. Na mayar da ta biyun ta zama mai rabawa kawai, na kunna UPnP a ta farkon domin na'urori su riƙa neman a buɗe musu ƙofa da kansu. Sauran rabin ya fi ƙarfina. Adireshin da rautar take samu daga kamfanin yana farawa da 100.64, wanda ke nuna kamfanin ma ya tara mu da ɗimbin masu amfani a bayan adireshi ɗaya, kuma duk ƙofar da na buɗe a shagona akwai wata a gaba da ba ni da makullinta. Na je ofishinsu, aka ce ana ba da adireshi na kai kaɗai amma a tsarin 'yan kasuwa, da ƙarin kuɗi kowane wata. Na biya na wata ɗaya domin gwaji.

Asabar, 16 ga Nuwamba

PlayStation ta koma nau'i na 2. Na ja kebul zuwa kowace na'ura, na daina dogaro da Wi-Fi, kuma Street Fighter 6 yana tafiya sumul har da PlayStation 4. Wasan yana amfani da dabarar da ke hasashen abin da abokin karawa zai danna, ya ci gaba da nuna faɗan ba tare da jira ba, idan hasashen bai yi daidai ba ya gyara cikin ƙiftawar ido. A Rocket League kuwa, wanda kyauta ne tun Satumban 2020 kuma ba ya neman PlayStation Plus, mun gwada sabar Turai da ta Afirka ta Kudu, duka biyun jinkirin ya haura milisakan 100. Wasan da ke nuna hoto 60 a sakan yana canza hoto duk bayan milisakan 16.7, ke nan muna bayan abin da ke faruwa da hoto shida ko fiye. Kano da Kaduna tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, amma saƙonmu sai ya je wata nahiya ya dawo. Sauƙin abin shi ne jinkirin ya shafi ɓangarorin biyu daidai wa daida.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Jiya muka yi gwajin ƙwallo na gaske, kwamfutoci biyu da PlayStation 5 biyu a nan, Xbox biyu a can suna karɓa bi da bi. Ta fuskar na'ura komai ya yi aiki. Ta fuskar mutane kuwa rigima ce ta tashi, kuma ba daga Kaduna ta fara ba. Wani yaro da ya fi kowa iya wasa a shagonmu ya sha kashi a PlayStation 5, ya koma kwamfuta ya ci wanda ya doke shi, sai ya ajiye hannu ya zo teburina ya ce, "Oga, wallahi ba ɗaya ba ne. A kwamfuta ina dannawa yake bugawa, a PlayStation sai ya yi shawara tukuna."

Na so in ce masa uzurin wanda aka ci ne, amma na gwada. Na ɗora waya a kan kwalin lemo, na kunna ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya yadda yatsansa da allon za su fito tare, ya danna sau goma a kowace na'ura. Da muka kalla, bambancin a fili yake: a ƙaramin allon kwamfuta ƙafar ɗan wasa tana motsawa kusan tare da yatsa, a babban talabijin kuwa sai yatsan ya fara ɗagowa. Ba PlayStation ce mai nawa ba, talabijin ɗin ne yake tsayawa yana gyara launi da laushin hoto kafin ya nuna. Na shiga saitinsa na mayar da shi yanayin wasa, tazarar ta ragu sosai, sai dai ba ta ɓace ba. Shekara biyu ke nan yara suna buga wasa a kan talabijin ɗin nan a haka, ba wanda ya ankara, saboda duk wanda ka kara da shi allo ɗaya kuke kallo.

Daga Kaduna kuma zargin maguɗi ne ya biyo baya, wai ai kwamfuta ana saka mata abubuwa. Zargin ba daga sama ya faɗo ba, domin kwamfuta a buɗe take, mai ita yana iya ɗora mata abin da ya ga dama, shi ya sa wasanni da dama suke ba masu PlayStation da Xbox damar kashe haɗakar baki ɗaya, Valorant ma da ya shigo waɗannan na'urori a bana bai haɗa su da masu kwamfuta ba sam. Na san kwamfutocina babu komai a cikinsu, amma yaron da aka ci uku da nema a wani gari ba shi da hanyar sanin haka, kuma rantsuwata ta waya ba hujja ba ce.

Asabar, 7 ga Disamba

Mun tsayar da tsari ni da abokina bayan doguwar magana. Gasar ƙwallo za a yi ta ne a kan PlayStation 4 zalla, huɗu a nan, uku a can, tunda su ne suka fi yawa kuma babu mai cewa an fi shi na'ura. PlayStation 5 biyun za su ɗauki faifan PlayStation 4 su zama na ko-ta-kwana. Kwamfutoci da Xbox za su yi tasu gasar ta Street Fighter 6 da Rocket League, da sharaɗin a kulle kwamfutocin a kan hoto 60 a sakan, kuma kowane shago ya ɗora waya a bayan 'yan wasansa da kiran bidiyo a buɗe domin ɗaya ɓangaren ya ga hannuwa da allo. Magana tsakanin shagunan ta WhatsApp za a yi, domin Discord da ke haɗa murya tsakanin kwamfuta da Xbox da PlayStation 5 bai sauko PlayStation 4 ba.

Gwajin daren jiya ya ƙara mana doka guda. An saki sabuntawa, na'urorinmu sun sauke da kansu da rana, na Kaduna kuwa a kashe suke, sai wasan ya ƙi barinsu shiga intanet har sai sun sauke, muka zauna kusan awa ɗaya muna jira. Daga yanzu ranar jajibiri kowa zai kunna komai ya sabunta, ni kuma zan dakatar da sabuntawar Windows na mako guda, in bar manhajar da ke tafiyar da katin hoto yadda take. An sa ranar Asabar 21 ga wata. Abin da ya rage shi ne abokina ya samu nasa adireshin daga kamfaninsa, in sabunta kuɗin nawa kafin ranar 13, sannan in sayo kebul mai tsawon mita goma domin PlayStation 4 ta lungu, wadda har yanzu take kan Wi-Fi.